Ginin Barga da Shuka Farfajiya a Karkarar Kano da Jigawa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu dawaki suka fi yi kafin a zuba tifar yashi ta farko. Awon da muka kawo na dokin gida ne, irin wanda ake saya a kasuwanni kamar Maigatari, mai nauyin kilo 300 zuwa 400. Wanda zai ajiye manyan dawakin folo da ake kawowa daga waje sai ya ƙara.

Daga ina wannan sana'a ta samo asali?

Doki ya daɗe a ƙasar Kano. Tun zamanin Sarki Kanajeji (1390–1410) ake maganar lifidi da sulke da kwalkwali, kuma Muhammadu Rumfa (1463–1499) shi ya gina gidan sarautar da ake zaune a ciki har yau. A fada akwai Madaki, jagoran mayaƙan doki, da Shamaki mai kula da bargar sarki. Hakimi da dagaci kowa na da bargarsa gwargwadon ƙarfinsa, don ba a zuwa hawan Sallah a ƙasa. Haka abin yake a Haɗeja da Gumel da Kazaure da Dutse da Ringim, masarautun jihar Jigawa da aka kafa a 1991.

Bargar da ba ta da gini mai yawa: turke, rumfar zana ko ta ciyawa, daɓen ƙasa, sai inuwar cediya ko durumi. Katanga da ɗakin kayan doki aikin magina ne na gado, masu tubali da azara da makuba, kuma kowane babban gari da Sarkin Maginansa.

Daga shekarun 1970 siminti da kwano suka bazu a karkara. A daidai lokacin fari ya yi ɓarna, a 1973 da kuma 1984, gwamnati ta himmatu wajen rainon dashe da kafa shingen bishiyoyi a yankuna irin su Ɗambatta. Darbejiya, wadda aka fara dasawa a Borno a 1928, ta cika ƙauyuka. Daga nan gidajen magina suka rarrabu cikin gida: uba na laka, ɗa birkila, wani ɗan ya koyi walda, wani ya buɗe lambun dashe a bakin rijiya. Idan mai doki ya zo da aiki, gida ɗaya ke ɗauka. Sukuwa da kilisa da folo sun ƙara wa aikin kasuwa, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan dabar Kano, wato hawan Sallah, cikin jerin al'adun gado na duniya.

Me ya haɗa ginin barga da shuke-shuke? Ba aiki biyu ba ne?

Aiki ɗaya ne. Ruwan da ya sauko daga rufin barga sai ya sami inda zai je, kashin doki ma haka, kuma zafin Afrilu ba kwano ke maganinsa ba, bishiya ce. In aka gama gini sannan aka kira mai dashe, sau da yawa sai a tarar an zuba kankare a inda ya kamata a haƙa rami, ko an ajiye rijiya kusa da jujin taki.

Wane irin wuri ya dace?

Tudu, ko da ɗan kaɗan ne. Kada Alhaji ya sayi fili da rani ya yanke hukunci; a je a gan shi a watan Agusta, washegarin ruwa mai yawa. Inda ruwa ya kwana, nan ba wurin doki ba ne. In ba za a iya jira ba, a haƙa rami mai zurfin ƙafa biyu, a cika shi da ruwa, bayan ya tsotse a sake cikawa. Idan na biyun ya wuce yini bai ƙafe ba, ƙasar laka ce mai riƙe ruwa.

Ƙasar jigawa, wato yashi, tana shanye ruwa da sauri, amma ba ta riƙe harsashi sai an faɗaɗa shi. Baƙar lakar fadama ta fi wahala: tana kumbura da damina, ta tsage da rani, ta tsaga bango tare da ita. A yankin kogin Haɗeja, kamar Auyo da Kafin Hausa da Miga, da kuma gefen Ringim, ambaliya ba baƙuwa ba ce, wadda aka yi a 2022 ta isa misali. A can a tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya taɓa tsayawa, a ɗaga daɓen barga aƙalla ƙafa ɗaya sama da wannan alama. A sauran wurare inci shida zuwa tara sama da ƙasar waje ya wadatar.

Maganar takarda kuma: a dokar mallakar ƙasa ta 1978, filin karkara ƙaramar hukuma ke ba da shaidar mallakarsa. A haɗa da sa hannun mai unguwa da dagaci, a kafa alamun iyaka, a tabbatar ba a ci burtali ba.

Ina barga za ta fuskanta?

Tsawon ginin ya bi gabas zuwa yamma, ƙofofin su kalli kudu. Dalili uku ne. Iskar hunturu da ƙurarta daga arewa maso gabas take zuwa. Hadarin farkon damina, mai yaye rufi, galibi daga gabas yake tasowa. Ranar la'asar kuma ta yamma take dukan bango, don haka ɗan gajeren gefen ginin ake ba ta. Bargar da ƙofarta ke kallon yamma, da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu za a tarar da doki ya maƙale a kusurwa yana zuba gumi, ya ƙi harawa.

Nawa ne girman ɗakin doki ɗaya?

Ƙafa 12 a kan 12. Idan fili ya matse, 10 a kan 12 zai yi wa ƙaramin doki. Goɗiya mai shirin haihuwa tana bukatar 12 a kan 16. A ɗakin da ya gaza haka, doki kan kwanta ya yi birgima ya maƙale da bango, ƙafafunsa a sama, ya kasa tashi.

Ƙofa faɗin ƙafa 4, tsayi ƙafa 8, ta riƙa buɗewa waje, domin in doki ya faɗi a bakinta a iya shiga. Sakata biyu, ta sama da ta ƙasa. Akwai dokin da ke zare ta sama da leɓe. Bangon tsakani a gina shi ƙafa 4 da rabi, daga nan zuwa ƙafa 7 ko 8 a sa sandunan ƙarfe a tsaye, tazararsu kada ta wuce inci uku don kada kofato ya shige. Tsakanin ingarma da ingarma a toshe bangon har sama, ko kuma a raba su da ɗakin kaya. Baranda a gaba ta kai ƙafa 8, a nan ake ɗaura sirdi.

Bulo nawa da siminti nawa ɗaki huɗu zai ci?

A jere ɗaya, ɗaki huɗu na 12 a kan 12, bangon baya da na gefe ƙafa 8, na tsakani da na gaba ƙafa 4 da rabi, bulo mai inci tara kusan 800 ne sama da harsashi. Layi uku na cikin harsashi zai ci kamar 300. Da asarar fashewa, a yi lissafin 1,200.

Abin lura shi ne ingancin bulon. Buhun siminti mai kilo 50 ya fitar da bulo 25 zuwa 30, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako guda. Wanda aka buga 40 ko fiye a buhu, harbi ɗaya doki zai huda shi. Layukan da ke ƙasa da ƙafa huɗu a cika ramukansu da kankare mai laushi, nan ne harbi ke sauka. Kwaɓin harsashi da ginshiƙi: buhu ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi mai kaifi, takwas na tsakuwa. Bakin bango da gefen ƙofa a shafe su su yi kwana mai santsi, don kusurwa mai kaifi ita ke yanke ƙugun doki.

Ba mu faɗin farashi a nan. Kuɗin siminti da rodi ba ya zama wuri ɗaya.

Ginin laka fa, ya wuce zamani?

Bai wuce ba. Bangon tubali mai kauri ya fi bulo sanyi nesa ba kusa ba, kuma in doki ya harbe shi ƙafarsa ba ta jin ciwo kamar a siminti. Rauninsa uku ne: ruwa na cin gindinsa, gara na bin sa, doki kuma kan lashe shi har ya yi rami idan yana ƙarancin gishiri. Ana magance su da harsashin dutse ko bulo har ƙafa ɗaya da rabi sama da ƙasa, rufin da ya zarce bango da ƙafa uku, yaɓe duk shekara kafin damina, da ajiye kanwa ko dutsen gishiri a komi. Kada a shafe bangon laka da siminti kai tsaye: ba sa kama juna, danshi na taruwa a bayan shafen, wata rana ya ɓare gaba ɗaya.

Wane daɓe ya fi: siminti, yashi ko birji?

A nan aka fi yin kuskure, kuma a nan doki ke yini ya kwana.

Siminti yana da sauƙin wanki, shi ya sa masu gida ke son sa. Amma yana da tauri ga gaɓoɓi, yana goge gwiwa da idon sawu in doki ya kwanta, in aka goge shi sumul kuma ya jiƙe, zamewa ce. Idan dole sai shi, kauri inci huɗu, a ja tsintsiya a kansa tun yana ɗanye ya yi kaushi, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kaurin inci huɗu zuwa shida.

Yashi zalla yana da laushi, amma yana shan fitsari ya riƙe wari, kuma dokin da ke tsintar hatsi a kansa yana haɗiye yashin kaɗan-kaɗan. Yashin na taruwa a hanji har ya kawo ciwon ciki mai kisa. Duk mai barga a ƙasar jigawa ya riƙe wannan: ba a zuba wa doki abinci a ƙasa.

Abin da muka fi yarda da shi birji ne. A kwashe ƙasar sama inci takwas zuwa goma, a yi ciko yadda daɓen zai ƙare sama da ƙasar waje kamar yadda muka faɗa a baya. A zuba tsakuwa ko fasasshen dutse inci huɗu, a daka. A kawo jan birji, a yayyafa masa ruwa har in aka dunƙula a hannu ya kama amma bai ɗiga ba, a zuba inci uku a daɓe, a sake zuba inci uku a daɓe. Wanda ya zuba inci shida lokaci guda, sama kawai ke kamawa, cikin wata biyu kofato ya tona rami. A ba daɓen gangare na inci ɗaya a kowace ƙafa biyar zuwa kwatar da ke wajen ɗaki. Gangaren da ya fi haka yana gajiyar da jijiyar ƙafa, wanda bai kai ba kuma fitsari ke kwanciya. Kwatar ta zama buɗaɗɗiya mai faɗi, wadda tsintsiya ke shiga. Bututun da aka binne, ɓuntu ke toshe shi.

Daɓen birji yana son gyara sau ɗaya a shekara. A sare inda ya lotsa, wato bakin ƙofa da gaban komi, a cika da sabo, a daɓe. In aka bari, doki zai riƙa tsayawa cikin danshin fitsari, tsakiyar kofatonsa ta yi baƙi, ta yi laushi, ta soma wari. Wannan ruɓewar kofato daga daɓe take farawa, magani kuma ba ya ci muddin daɓen bai bushe ba.

Rufi fa?

Ƙasan rufi ya kai ƙafa 10. Tsakanin kan bango da rufi a bar ƙafa biyu a buɗe ko'ina, zafi da warin fitsari ta nan suke fita. Kwano zalla ba silin gasa doki yake. A shimfiɗa zana ko asabari a ƙarƙashinsa, ko a shafa masa farin fenti a sama. Katakon rufi a jiƙa shi da maganin gara kafin a ɗora, a ɗaure shi da rodi ko waya mai kauri da aka binne cikin kankaren kan bango. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe rufi a iskar watan Yuni.

Da damina ƙananan ƙudaje masu cizo da magariba da asuba su ke yaɗa cutar dawaki mai saurin kisa, wadda ke kumbura kai da cika huhu da ruwa. Raga mai ƙananan ido a tagogi tana taimakawa, tare da kawar da duk wani kududdufi kusa da barga. Maganar rigakafi a tuntuɓi likitan dabbobi. Wayar lantarki ta bi cikin bututu, sama da inda baki zai kai.

Har yanzu ana kafa turke?

Ana kafawa, kuma yana da amfani da rana a ƙarƙashin inuwa. Itace mai ƙwari irin su ƙirya ko marke, a binne ƙafa biyu, kan ya zama mulmulalle. Tsakanin turke da turke ƙafa 15 aƙalla. Sai dai dokin da ya yini ya kwana a ɗaure da dabaibayi ƙafafunsa na kumbura, igiya na cin dundunniyarsa. A haɗa turke da ɗan fili na sakewa. Da'ira mai faɗin ƙafa 50 zuwa 60, da yashi inci uku a kan birji, ta isa horo da motsa jiki. Yashin da ya wuce inci huɗu yana jan jijiya.

Da me za a yi shinge?

Ban da waya mai ƙaya, ko kyauta aka ba ka. Doki in ya firgita gudu yake, ba ya ganin waya, kuma raunin da take yi a ƙirji da ƙafa yana daɗewa bai warke ba, ga hatsarin ciwon sarƙe haƙora. Bututun ƙarfe mai inci biyu ya fi: ginshiƙi kowace ƙafa 8, a binne ƙafa 2 da rabi cikin kankare, layi uku a kwance, tsayi ƙafa 5, na ingarma ƙafa 6. Layukan su kasance ta ciki, ta gefen doki, a goge duk bakin walda. Kusurwar fili a yanke ta, don doki mai ƙarfi kan ritsa ɗan'uwansa a lungu.

Ruwa nawa za a tanada?

Doki ɗaya na shan lita 25 zuwa 45 a yini, da bazara har ya haura 50. Da wanka da wanke ɗaki, a yi lissafin lita 100 ga kowane doki. Dawaki huɗu ke nan lita 400, ban da shuka. Tanki ya ɗauki na kwana uku, saboda ranar da famfo ko sola ta ƙi.

A yawancin ƙasar Kano da yammacin Jigawa dutse ne a ƙarƙashi, ruwa a tsaguwar dutsen yake, don haka a yi gwajin ƙasa kafin a kira masu haƙa burtsatse. A arewa maso gabashin Jigawa, wajen Haɗeja da Gumel, yashi ne mai zurfi, ruwa ya fi sauƙin samu. Kwamin ruwa a gina shi a inuwa, tsayi ƙafa biyu da rabi, da mafita a ƙasa don a riƙa wankewa.

Ina za a ajiye harawa?

Doki na cin kusan kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa a busasshen abinci kullum. Mai kilo 350 ke nan kilo 7, kuma aƙalla 5 daga ciki harawa ce ko ingirici, sauran dusa da hatsi. Wata takwas na rani, kilo 1,200 ga doki ɗaya. A saya da kaka tana araha, a ajiye a rumfa dabam, nesa da barga da ƙafa 50 saboda gobara, a kan dandamali ƙafa ɗaya sama da ƙasa. Harawar da aka tara da sauran danshi tana yin fumfuna, tana sa tari da ciwon ciki, wani lokaci ta ɗauki zafi da kanta. Hatsi kuma a ɗaki mai kulle: dokin da ya kwance da dare ya afka wa buhun dawa zai iya rasa kofatonsa, ko ransa.

Waɗanne bishiyoyi za a dasa, kuma yaya?

Don inuwa da wuri, darbejiya. Don ta daɗe, maɗaci da tsamiya da cediya. Gawo na da kyau a filin sakewa, yana da ganye da rani, ya zubar da damina, ciyawa ta samu rana a ƙarƙashinsa. Turare a kai shi can gefe, ƙafa 60 ko fiye daga rijiya da gini, saboda shan ruwansa. Dabino na yin kyau a yankin Dutse, inda cibiyar binciken dabino take, amma ƙayarsa na tsone ido, a dasa shi a bakin hanyar shiga, ba inda doki ke kaiwa ba.

A haƙa rami a watan Mayu, ƙafa biyu faɗi, biyu zurfi. Ƙasar sama gefe guda, ta ƙasa gefe guda. A cakuɗa ta saman da ruɓaɓɓen taki kwanon sarki ɗaya a mayar. A dasa in damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. A yanke ledar, a cire ta duka, wuyan dashen ya yi daidai da ƙasa. Binne wuya ke kashe yawancin dashe. Tazara ƙafa 20 zuwa 25 tsakanin bishiyoyi, haka kuma tsakaninsu da bango. Rani biyu na farko, jarka ɗaya mai lita 20 sau biyu a mako. A kewaye kowane dashe da keji mai tsayin ƙafa 6, ƙafa 4 daga jikinsa, don doki na ɓare ɓawo, bishiyar da aka ɓare zagaye kuwa ta mutu.

Shingen tare iska a yi shi ta arewa da gabas, layi biyu ko uku a saɓe. Yana kare fili har ninki goma na tsayinsa.

Akwai shukar da ba a so kusa da doki?

Akwai: zurma, bini-da-zugu, zaƙami, tumfafiya, da furen oliyanda da ake sayarwa don ado, wanda ganye kaɗan nasa ke kashe doki ko ya bushe. Aguwa da tinya ana shinge da su a gonaki, amma ruwansu na ƙona ido da baki. Gyauron dawa, musamman wanda ya sha fari, shi ma guba ne. Don shinge mai rai, lalle da zogale sun fi aminci.

Ina son ciyawa kore shar a farfajiya. Zai yiwu?

Zai yiwu in akwai ruwa. Ƙirikiri ita ke jure tattaki da zafi; ana dasa jijiyarta tazarar ƙafa ɗaya a watan Yuli. Da rani kowace murabba'in mita na shan kusan lita 5 a yini, wato mita 100 lita 500, fiye da abin da dawaki huɗu ke bukata. Shawararmu a yi ɗan kaɗan a gaban zaure, sauran a bar wa inuwa da birji. Kyasuwa da gamba a shuka su a bayan barga don yanka.

Yaya za a yi da kashin doki?

Kowane doki na fitar da kilo 10 zuwa 15 a yini. A kwashe safe da yamma zuwa rami biyu, ƙafa 100 aƙalla daga rijiya, ta gangaren fili, ta inda iska ba za ta dawo da ƙuda barga ba. A cika ɗaya ana yayyafa ruwa, ana juyawa duk mako biyu, sannan a koma ɗayan. Wata biyu zuwa uku ya zama taki. Ɗanyensa yana ƙona dashe, yana jawo gara, in aka watsa shi a filin kiwo kuma ƙwan tsutsar ciki ke komawa bakin doki.

Yaushe ya kamata a fara, kuma yaya ake ƙulla aiki da gidan masu sana'a?

A duba fili a Agusta, a yi gini daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a gama rufi da kwata kafin Mayu, a dasa a Yuli. Kankaren da aka zuba da hunturu yana saurin bushewa ya tsage, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu har kwana bakwai.

Ko da da Baba Sarkin Magina aka yi magana baki da baki, kuma an san gidan tun kaka da kakanni, a rubuta. A faɗi wa ke da alhakin aikin a cikin 'yan'uwan, awon kowane ɗaki, irin bulo, kaurin ƙarfe, da wa zai sayi kaya. Biya kashi-kashi: bayan harsashi, bayan bango, bayan rufi, bayan daɓe da shinge. A riƙe kashi goma cikin ɗari har damina ta farko ta wuce, a ga inda ruwa ya bi. Dashe kuma a rubuta cewa duk wanda ya mutu kafin damina ta biyu mai aiki zai maye shi, muddin mai gida ya cika nasa alkawarin na ban ruwa da keji.